Littafin Awo

Ubana ya bar mini keken ɗinki, almakashi biyu,
da littafi mai bangon fata
wanda gara ta ɗanɗana gefensa ta ƙyale.
Shi ma gadonsa ya yi.
A ciki, da ajami, akwai awon kowane sufi
na gidan nan da ke kan tudu bayan Kumasi,
inda kwalta ke gajiya, jar ƙasa ta karɓi hanya.

Shafin farko Turawa ne huɗu.
Fada Wilbrod: kafaɗa ashirin, tsayi sai ka ce giginya.
Da gatari suka zo, da ƙararrawa cikin akwatin katako.
Sarkin ƙauyen ya nuna musu kurmin da kowa ke kewayewa,
ya ce in kun kwana uku, naku ne.
Suka kwana.
Kafin damina ta zagayo zazzaɓi ya ɗauki biyu.
Kakana ya ja layi a kan sunayensu,
bai yage shafin ba.

Daga nan sunaye suka sauya harshe:
Ofori, Kwarteng, Adu-Gyamfi.
Akwai shekarar da riga talatin da ɗaya
ta fita daga shagonmu na Zango,
fitila ta sha kananzir har mahaifiyata ta yi magana.
Farin yadi, hula a rataye bayan wuya,
aljihu guda tak.
Na tambayi ubana dalili.
Ya ce, wanda ya saki duniya, me zai zuba a na biyu?

Yanzu su tara ne.
Ranar Talata nake hawa mota a Kejetiya,
zare da allura cikin jakar leda.
Kurmin da aka ji tsoro ya zama gidan mai,
da wurin buga bulo, da lasifika uku masu gasa.
Amma ka tura ƙofar ƙarfen nan,
sai shiru ya tare ka kamar ruwan randa.
Koko na shanye a kan tabarmi.
Wani na tace zuma, wani na faɗa da famfo.
Mutanen birni na zuwa su kashe waya kwana biyu,
su biya kuɗin ɗaki, su sayi sabulu, su koma.
Da wannan ake canza kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya.

Burada Kwarteng ya haura tamanin.
Ubana ya aune shi yana saurayi mai ƙirji.
Ni kuwa kowace shekara
sai na rage masa yatsa biyu a gindin riga.
Ya ce, ƙasa ce ke kirana a hankali,
tela ne ke fara ji.
Muka yi dariya har tari ya kama shi.
Ya roƙe ni kada in taɓa tsohuwar rigarsa mai faci a gwiwa,
da ita yake so a sa shi.

Idan rana ta take suna shiga su rera Zabura.
Ni ina gindin mangwaro ina jiran azahar.
Akwai buta shuɗiya a bayan ɗakin girki,
ba wanda ya taɓa ce mini tawa ce,
ban kuma taɓa samunta ba ruwa ba.

Makon jiya aka kawo mini yaro.
Nkansah, mai gyaran waya daga Adum,
bai cika ashirin da biyar ba.
Na ɗora masa awo a kafaɗa, na ji yana rawa.
Ko zai zauna, ko damina ɗaya zai yi,
ba aikin tela ba ne.
Na lanƙwasa masa gindin rigar da faɗi
yadda za a iya saki, a iya ragewa.

Na lashi bakin fensir,
na rubuta sunansa ƙarƙashin na Kwarteng.
Saura shafi shida a littafin.